Shara Ce ko Jari? Maganar Leda, Buhun Taki da Tsohuwar Taya



Wanda yake so ya san yawan ledar da ke garinsu, ba sai ya zaga bola ba. Ya je wurin mahauta ranar kasuwa, a Bagudo ko Ka'oje ko Illo, ya tsaya ya ga abin da ake fitarwa daga tumbin akuya da na saniya. Sau da yawa zai ga baƙar leda, da zaren buhu, da tsumma, sun cure wuri ɗaya kamar gammo. Cikin dabba ba ya iya narkar da leda. Takan zauna a tumbi ta tare wurin abinci, sai ka ga ciki ya yi tulu, haƙarƙari kuwa a waje. Dabba tana kiwo ba ta ƙiba, nono yana raguwa, mai ita yana ta sayen maganin tsutsa a banza. Ni kaina na yi hasarar tunkiya ta haka. Sai da aka yanka ta muka ga abin da ya cinye ta, bayan na sayi magani har sau uku.

Gona ma ba ta tsira ba. Da rani mukan kwashi juji mu kai gona, gama taki ne mai kyau. Amma jujin yanzu ba irin na iyayenmu ba ne, cike yake da leda. Ita kuwa ba ta ruɓewa kamar kara ko kashin shanu. Garma ta binne ta bana, ta tono ta baɗi. Tana hana ruwa shiga ƙasa, tana tare saiwa, a fadama kuma tana toshe bakin tiyon injin ban-ruwa.

A waɗansu wurare mutane sun mai da irin wannan shara sana'a. Suna yin jaka, da takalmi, da tufafi da ita, suna sa musu suna da tambari, har ana sayensu da tsada a manyan birane. Waɗansu daga cikinmu sun ga hotunan a waya, suna tambaya ko ƙungiyar gama kai za ta iya shiga wannan aiki da rani. Amsa ita ce, akwai abin da za mu iya, amma ba duka ba. Bari mu bi maganar sannu-sannu.

Ba baƙon abu ba ne gare mu

Kafin mu tafi nesa, mu dubi gida. Takalmin da makiyayi yake sawa ya shiga ƙaya, daga tsohuwar tayar mota aka yanko shi. Gugar da ke bakin rijiya, tubun mota ne. Igiyar da muke ɗaure akuya da ita, buhu ne aka warware aka tufka. Fitilar aci-balbal gwangwanin madara ce. Matashin kan da da yawa daga cikinmu suka girma a kansa, ƙyallayen tela ne aka cusa a ciki.

Ku tuna kuma da yadda zane yake ƙarewa a hannun iyayenmu mata. Yana sabo a je biki da shi. Ya kwana biyu ya koma na aikin gida. Ya yi laushi ya zama majanyi. Ya fara yagewa a yanke shi, wani ɓangare ya zama tsumman jariri, wani gammo, wani kuma maho a wandon yaro. Tsohuwar babbar riga in ta koɗe akan kai ta marina, irin ta Ƙofar Mata a Kano, a sake rina ta, a kai wa mabuga, ta fito tana ƙyalli. Ba wanda ya koya mana wannan daga waje.

To, mene ne kamfanonin nan suka ƙara? Abu uku. Tsabta, da ɗinki mai kyau wanda na yau ya yi daidai da na jiya, da suna wanda mai saye zai riƙe. Ga misali. A Habasha talakawa sun daɗe suna sa takalmin taya, kamar mu. A shekarar 2005 wata mata mai suna Bethlehem Tilahun Alemu ta tara masu sana'ar hannu na unguwarsu a Adis Ababa, ta kafa kamfanin soleRebels. Ƙasan takalmin taya ne dai, amma samansa an yi shi da saƙar audugar gida da fata, an gyara gefe, an daidaita lamba. Takalmin ya kai ga kantuna a Turai da Asiya da Amurka. Mu muna ɓoye ƙafa in mun shiga birni da takalmin taya, muna cewa na talaka ne. Ita kuwa tayar ce take fara nuna wa mai saye.

Hanya biyu ce, kada mu gama su

Hanya ta fari ita ce narkarwa. A tara gorunan roba na ruwa da na lemo, inji ya niƙe su, a wanke, a narkar, a ja su su zama zare siriri. Wannan zaren shi ne ake kira foliyesta. Wani kamfanin Amurka mai suna Patagonia ya fara ɗinka rigunan sanyi da irin wannan zare tun 1993, yanzu kuwa kamfanoni da yawa suna yi. Amma wannan aikin masana'anta ne. Yana bukatar wutar lantarki marar yankewa, da ruwa mai yawa, da gora mota-mota. Abin da ƙungiya irin tamu za ta iya a nan shi ne ta tara ta sayar wa 'yan jari-bola bisa awon kilo. Ku lura kuwa, gora ba ta da nauyi, iska ce ta cika ta. In ba a tattake ta an matse ba, kuɗin mota daga nan zai cinye ribar.

Tufafi sun fi gora wuyar narkarwa, domin yawancin yadin yanzu gauraye ne, auduga da roba a zare ɗaya, raba su kuwa sai da dabara mai tsada. Wani rahoto da gidauniyar Ellen MacArthur ta Ingila ta fitar a 2017 ya ce, cikin kayan da ake yin tufafi da su a duniya, abin da ake sake mayarwa sabon tufafi bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Saboda haka in kun ga an rubuta a jikin riga cewa da tsohuwar gora aka yi ta, ku sani gorar ta sami tafiya ɗaya ce kawai. Ranar da rigar ta tsufa, bola za ta.

Hanya ta biyu ita ce wadda za mu kira juyi. Ba a narkar da kome. A wanke abu, a yanka, a ɗinka ko a saƙa, ya zama wani abu wanda ya fi na da daraja. A wannan shekara ta 1993, a birnin Zurik na Suwizalan, waɗansu 'yan'uwa biyu, Markus da Daniel Freitag, suka ɗauki tsohon tamfol na manyan motoci, da tubun keke, da bel ɗin kujerar mota, suka ɗinka jakar da ruwa ba ya shiga. Har yau ana sayar da jakunkunan da sunansu. Kayan aikin juyi almakashi ne, da basilla, da keken ɗinki, da sabulu. Wannan ita ce hanyar da ta dace da mu.

Matan da suka fara saboda awaki

Labarin da ya fi kama da namu ya faru a wani ƙauye mai suna Njau a ƙasar Gambiya. Can ma leda ta cika gari, awaki suna ci suna mutuwa, ruwa yana kwanciya a cikinta sauro yana haihuwa. A shekarar 1997 wata mata, Isatou Ceesay, tare da mata huɗu, suka fara tsince ledar. Su wanke, su shanya, su yanka ta siri-siri, su saƙa 'yan jakunkunan kuɗi da kwarashi. Da fari dariya aka yi musu, aka ce da su masu tonon bola. Da suka kai kayan birni aka saye, sai dariya ta ragu, mata suka fara zuwa koyo. Daga baya aikin ya bazu zuwa waɗansu garuruwa. A 2015 kuma gwamnatin Gambiya ta hana leda a ƙasar.

Ga yadda ake mai da leda zare, gama ba wuya. A shimfiɗa leda a miƙe ta. A yanke hannuwan da gindin. Abin da ya rage a yanka shi a kwance, faɗin yatsa biyu, kowane yanki zai fito kamar zobe. A sarƙa zobe cikin zobe, a ja a hankali, su zama igiya doguwa, a naɗe ta dunƙule. Duk macen da ta iya saƙa hular jariri da kwarashi za ta iya saƙa wannan. Sai dai ledar da ta daɗe a rana ba ta da amfani, tana taɓawa tana marmashewa. A zaɓi mai sauran ƙarfi.

Maƙwabtanmu na Binin, wadda tsofaffinmu har yanzu suke kira Dahome, su ma suna da tasu. A Porto Novo wata mata, Grâce Dotou, ta koya wa mata da 'yan mata saƙa jakunkuna da 'yar tsana da baƙar leda, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba ta lambar yabo a 2002.

Ledar ruwan sha, watau fiya-wata, ta fi baƙar leda kauri, saboda haka ta fi ta amfani. A Akra ta Gana, tun 2007, kamfanin Trashy Bags yana farke ta, ya wanke, ya shanya, ya jera ɗaya gefen ɗaya ya ɗinke da keke ta zama kamar yadi, sa'an nan a yanka jakar makaranta da ta kasuwa. A Badun kuma, Adejoke Lasisi, wadda ta koyi saƙar gargajiya ta Yarabawa wurin mahaifiyarta tun tana yarinya, ta kafa Planet 3R a 2020. Ita yanka ledar take yi siriri, ta sa a masaƙa tare da zare, ya fito kamar saƙi, a yi jaka da takalmi da shi. Wannan ya kamata ya tsaya mana a rai. A garuruwanmu akwai tsofaffin masaƙa da suka rataye ƙoshiya saboda ba mai sayen saƙi. Hannunsu bai manta ba.

Gwanjo da bakin iyaka

Mu da muke zaune kusa da Lolo da Tsamiya mun san gwanjo fiye da mutanen tsakiyar ƙasa. Dokar Nijeriya ta hana shigo da tsofaffin tufafi, amma Binin ba ta hana ba. Diloli suna sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano daga Turai da Amurka da Sin, su hau mota zuwa arewa, Kandi da Malanbil, daga nan kuma kowa ya san sauran labarin. Ko lokacin da aka rufe iyakoki a watan Agusta 2019, gwanjo tsada ya yi, bai ɓace daga kasuwa ba.

Ba za mu zagi gwanjo ba. Shi ya rufa wa yaranmu asiri da hunturu. Amma gaskiya ce kuma cewa ya taimaka wajen karya masaƙun Kaduna da Kano da Gusau, tare da rashin wuta da yadi mai araha na waje, ya kuma rage wa telan ƙauye aiki. Abin mamaki, Binin tana cikin manyan masu noman auduga a Afirka, yankin Kandi da Banikoara da ke kusa da mu shi ne gidan audugarsu. Shekara da shekaru audugar tana fita ɗanya ta Kwatano, tsofaffin riguna suna shigowa ta wannan ƙofa. A 'yan shekarun nan sun kafa masaƙu a Glo-Djigbé, kusa da Kwatano, domin su riƙa ɗinka tasu.

Abin da ya shafi maganarmu shi ne gindin dila. Duk mai sayar da gwanjo ya sani, in ya fasa dila akwai na ɗaya, akwai na biyu, akwai kuma wanda ko kyauta ba mai so: yagagge, mai tabo, da babban wandon da zai ɗauki mutum biyu, da rigar dusar ƙanƙara wadda ba mai iya sawa a zafin Kebbi. A kasuwar Kantamanto ta Akra, wadda tana cikin manyan kasuwannin gwanjo na duniya, ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi wajen miliyan 15 suke shigowa kowane mako, kusan kashi 40 cikin 100 kuwa shara suke zama, su toshe magudanar ruwa, su cika bakin teku. Kasuwar ta yi mummunar gobara a farkon Janairu 2025.

Daga wannan sharar ce wani ɗan kasuwar, Yayra Agbofah, ya kafa ƙungiyar The Revival. Cikin abubuwan da suka yi akwai wanda ya burge ni ƙwarai. Sun tara wandunan jins da aka zubar, suka ɗinka wa manoman abarba kayan aiki masu kauri, domin ganyen abarba yana da ƙaya, yana yanka hannu da ƙafa. A Abuja kuma akwai Nkwo Onwuka, mai kamfanin NKWO. Ita takan yanka tsohon jins siri-siri, ta jera, ta ɗinke shi ya zama sabon yadi da ta sa wa suna Dakala, ana nuna shi a manyan wuraren nunin tufafi. Kun ga, abu ɗaya ne, wani ya yi wa manomi, wata ta yi wa masu kuɗi. A ganina na manomin ne ya kamata mu fara koyi da shi.

Me ke hannunmu a nan?

Babbar dukiyarmu ba leda ba ce, buhu ne. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin noman shinkafa na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, noman shinkafa ya ƙaru a fadamun Kwara, buhunan taki kuma suka ƙaru tare da shi. Mu yi lissafi na misali. A ce ƙungiya tana da mutum 40, kowa ya zuba taki buhu 6 a shekara. Buhu 240 ke nan. Ina suke zuwa? Waɗansu a zuba hatsi, waɗansu yara su yi wasa da su, saura rana ta cinye su a bayan ɗaki, gama zaren buhu ba ya jimre wa rana. In za a yi amfani da shi, sai a karkaɗe shi, a ninke, a ajiye a inuwa tun ranar da aka zazzage takin.

Abu na fari da za a yi da buhu shi ne shimfiɗar shanya da ta sussuka. Waɗansunmu suna yi tun da, amma yawanci ɗinkin hannu ne mai faɗi, bakin yana zarewa kafin kaka ta wuce. In aka farke buhu, aka ninke baki sau biyu, aka bi shi da keke layi biyu, aka sa ƙyallen jins a kusurwa huɗu, zai yi shekaru. Amfaninsa kuwa a kasuwa ake gani. Shinkafar da aka shanya a ƙasa takan kwashi tsakuwa da yashi, mai saye ya rage mata kuɗi. Wannan kaya ne da kowane ɗan ƙungiya yake bukata, ba sai an je neman mai saye ba.

Na biyu, jaka. Jakar kasuwa ta buhu, wadda aka yi wa baki da hannu da ƙyallen atamfa ko jins, tana ɗaukar abin da leda goma ba za su ɗauka ba. Jakar makaranta kuma a yi mata ciki da ledar ruwa da aka ɗinke, littafin yaro ba zai jiƙe da damina ba. Wurin da jaka take fara mutuwa shi ne inda hannu ya haɗu da jiki. Nan za a ninka ɗinki.

Na uku, kayan aikin gona daga gindin dila. Ƙafar tsohon wandon jins in aka yanke ta, aka sa roba sama da ƙasa, ta zama abin rufe hannu daga wuyan hannu zuwa kafaɗa. Wanda ya taɓa yankan shinkafa ko sussuka ya san ƙaiƙayi da kaifin ganye. Haka kuma za a iya yin abin ɗaurawa a gaba mai aljihu domin zuba iri ko ajiye lauje. Ragowar ƙyalle kuwa, da wanda ke zube ƙarƙashin keken kowane tela kafin Kirsimeti da Salla, a haɗa shi a yi bargon yara na hunturu, mai ruɓi biyu.

Maganar taya, akwai masu yanka takalmi a kasuwanninmu da suka fi mu sani. Kada ƙungiya ta ce za ta ƙwace musu sana'a. Gara a gama su da baduku, shi ya yi saman da fata mai laushi, a daidaita lamba, a goge gefe, a ga ko samari za su saya.

Hattara da waɗannan

A nan sai mu yi magana da babbar murya, gama rai ne. Gorar maganin feshi, da galan ɗinsa, da ledar maganin ciyawa, ba sa cikin wannan aiki sam. Wanki ba ya fitar da dafin duka. A ɗauraye gorar sau uku, a zuba ruwan ɗaurayar cikin tankin feshi, a huda ta domin kada wani ya ɗauka ya zuba ruwan sha ko man gyaɗa. Haka kuma buhun da aka zuba iri mai magani, irin wanda yake rina hannu ja ko shuɗi, da buhun da aka sa wa maganin ƙwari domin ajiyar wake. Kada a yi jakar yaro da su, kada a shanya abinci a kansu. In ba a san abin da buhu ya ɗauka ba, a bar shi.

Buhun taki ma sai an wanke shi sarai da sabulu. A zuba ruwan wankin a rami nesa da rijiya, ba a bakin kogi ba inda masunta suke kamun kifi.

Kayan jins ɗin da muka ambata na yanka ne da sussuka, ba na feshi ba. Yadi mai kauri yakan sha magani ya riƙe shi a jikin fata, ya fi rashinsa muni.

Kada a ƙone ragowar leda, kada kuma a hura wutar girki da ita kamar yadda ake yi a gidaje da yawa in itace ya jiƙe. Hayaƙinta yana cutar da ƙirji, mace da ɗan da ke bayanta su ne suke shaƙa. Masu tsintar leda a bola su sa takalmi da safar hannu, saboda kwalba da allura. Ba aikin ƙananan yara ba ne. Hanya mafi sauƙi ita ce kada a bari ledar ta kai bola. A ajiye buhu wurin mai sayar da ruwa, da bakin makaranta, da wurin biki, a tara ta tun tana da tsabta.

Wa zai saya?

Wannan ita ce tambayar da ta kashe ayyuka da yawa. Na taɓa ganin wata ƙungiyar mata da aka koya wa saƙar jaka. Baƙi suka zo suka yaba, suka sayi guda goma, suka ɗauki hoto, suka tafi. Matan suka ɗauka kasuwa ta buɗe, suka ci bashi suka saƙa ɗari. Shekara ta zagayo jakunkunan suna rataye, ƙura ta rufe su. Baƙon da ya saya don tausayi sau ɗaya yake saye. Kamfanonin da muka ambata sun tsaya ne domin kayansu suna da ƙarko da kyau, kuma suna kusa da masu kuɗin birni, ko suna da hanyar aikawa ƙetare. Mu ba mu da wannan tukuna.

Saboda haka kasuwarmu ta fari ita ce mu kanmu. In matar shugaban ƙungiya ba za ta riƙe jakar ta je kasuwa da ita ba, kada a sa rai wata za ta ba da kuɗinta. Bayan mu, sai kasuwannin kusa, sa'an nan Jega da Yawuri da Birnin Kebbi. Ƙetaren iyaka ma akwai masu saye, Segbana da Malanbil, kuma wanda ya karɓi sefa ya san amfaninta in ya canza. Amma ku sani, tun watan Disamba 2017 Binin ta yi dokar hana ledar da ba ta ruɓewa. Ko da yake ana ganin leda a kasuwanninsu har yanzu, dokar tana nan. Ta wani gefe wannan alheri ne ga mai sayar da jakar buhu ko ta yadi. Ta wani gefen kuma, kafin a ɗauki kayan da aka saƙa da leda a haye, a tambayi ma'aikatan iyaka, a bi ta ƙofa. Ribar jaka ba ta kai a kwana a hannun kwastan ba.

Wajen sa kuɗi, kuskuren da aka fi yi shi ne a ce ai kayan kyauta ne. Buhun ne kyauta. Sabulu, da ruwa, da zare, da zif, da allurar keke da buhu yake karyawa, da kuɗin mota, duk saye ne. Sai kuma lokaci. Jakar kwarashi ɗaya tana iya cin mace kwana biyu ko uku. A tambaya, in ta yi kwanakin nan tana turara shinkafa ko tana soya ƙuli-ƙuli, nawa za ta samu? In jakar ba ta kai haka ba, a bar kwarashi ga masu yi da yamma suna hira, ƙungiya ta sa ƙarfinta ga ɗinkin keke, wanda ya fi sauri.

Kada kuma mu ruɗi kanmu cewa wannan sana'a za ta share mana gari. Ledar da ke shigowa Bagudo rana ɗaya ta fi abin da matanmu duka za su saƙa a wata. Abin da zai ceci awaki shi ne a rage karɓar leda a kasuwa, a tsince ta daga juji kafin a kai gona, a kuma ba dabbobi kanwa ko gishiri da isasshen abinci da rani, gama dabbar da ke jin yunwa ita ce take bin bola. Jakar buhu tana taimako ta nan: kowace mace da ta riƙe ta zuwa kasuwa ta dawo gida ba leda.

A taronku na wata mai zuwa, kowa ya zo da buhunan takinsa da ya ajiye, magatakarda ya ƙirga ya rubuta. A nemi tela ɗaya daga cikin membobi, da mata biyu ko uku daga zumuntar mata waɗanda suka iya keke. Kada a ci bashi, kada a sayi sabon keke. Ma'aji ya fitar da kuɗin zare da sabulu kaɗai. A ɗinka shimfiɗar shanya 5, da jakar makaranta 10, da abin rufe hannu ƙafa 10, a rubuta abin da kowanne ya ci na kuɗi da na kwanaki. A raba wa membobi su yi aiki da su kaka ɗaya. Bayan girbi a dawo da su taro, a shimfiɗa a gaban kowa, a duba inda suka yage.